Rana Ɗaya a Mako Tsakanin Aji da Shagon Atamfa

A ƙasar Birtaniya akwai wani tsari da aka daɗe ana bi, inda makarantar sakandare ke sallamar wasu ɗalibanta na manyan azuzuwa rana ɗaya a kowane mako, su tafi kwaleji ko jami'a su koyi wata sana'a a hannun masananta, sauran kwanakin kuma su koma ajinsu su ci gaba da karatun da aka saba. Daga cikin abubuwan da ake koyarwa ta wannan hanya har da kasuwancin tufafi, wato yadda ake zaɓo kaya, a yanka musu farashi, a jera su a shago, a kuma gane abin da mai saye yake nema. Sun ɗauki wannan fanni da muhimmanci ƙwarai, har ta kai a shekarar 2005 manyan kamfanonin sayar da sutura irin su Marks & Spencer da Next suka sa hannu aka kafa makaranta sukutum a birnin Landan, wadda ba ta da wani aiki sai horar da matasa a kansa. Ni malamin sakandare ne da ke koyar da darasin kasuwanci a nan Katsina, kuma tun da na fahimci yadda tsarin yake tafiya nake ganin garinmu ya dace da shi. Sai dai akwai sharaɗi guda da nake ganin idan aka bar shi a baya, to duk wahalar da za a sha ba za ta haifar da komai ba.

Tunanin koya wa ɗan sakandare sana'a ba baƙo ba ne a Najeriya. A 2011 hukumar NERDC, wadda ke tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta shigo da darussan sana'a 34 cikin karatun babbar sakandare, aka kuma wajabta wa kowane ɗalibi ya zaɓi ɗaya daga ciki. Akwai ɗinki a cikinsu, akwai rini, akwai dabarun sayarwa da kula da sito. An sake yi wa manhajar garambawul a 2025, aka rage yawan sana'o'in, amma ɗinki da tsara tufafi suna cikin waɗanda aka bari. Niyyar mai kyau ce, ba na ja da ita. Abin da ke damuna shi ne yadda darasin yake ƙarewa a kan allo. Yaro zai haddace ma'anar sari da ta sayar da ɗaiɗai, ya zana hanyar da kaya ke bi daga masaƙa zuwa hannun mai saye, ya ci jarrabawa da sakamako mai kyau, amma idan aka tsayar da shi a bakin shago aka miƙa masa tef da almakashi aka ce ya yanko yadi biyar na shadda, hannunsa zai yi rawa. Na koyar da yara masu ƙwaƙwalwa waɗanda ba su taɓa riƙe littafin shige da fice na wani shago na gaskiya ba, kuma laifin ba nasu ba ne, domin mu ma da muke koyar da su ba mu da shagon da za mu kai su.

A ɗaya gefen kuma akwai ilimin da ke cikin kasuwa, wanda babu wanda ya rubuta shi. Kawuna ya shafe shekaru yana sayar da atamfa da shadda da leshi a Babbar Kasuwar Katsina, kuma duk lokacin da na zauna a shagonsa nakan ga abin da ba na iya koyarwa a aji. Idan aka kawo masa turmin atamfa, kafin ya ji farashi sai ya warware gefe guda, ya murza shi tsakanin yatsunsa domin ya ji ko sitaci ne ya ba shi kauri, sannan ya juya bayansa ya duba. Atamfa ta ainihi launinta yakan fito daidai ciki da waje, wadda kuwa aka buga wa zane a fuska ɗaya kawai bayanta yakan yi fari-fari. Daga nan sai ya bi bakin zanen da ido inda ake buga sunan kamfani da lamba, domin a nan ne masu jabu suka fi yin kuskure. Duk wannan ba ya ɗaukarsa minti ɗaya.

Haka yake karanta mutane. Wata rana wasu mata uku suka shigo, babbar cikinsu tana riƙe da takarda a ninke, sai ya ce wa yaron shago ya kawo kujeru da ruwa tun kafin su faɗi abin da ya kawo su, domin ya gane haɗa lefe suka zo yi, kuma mai haɗa lefe ba a yi masa gaggawa. Bai fara da mafi tsada ba, bai kuma fara da mafi araha ba. Ya sauko da kala uku masu matsakaicin kuɗi ya shimfiɗa, ya koma gefe yana lura da wadda hannun babbar ya fi daɗewa a kanta. Da ta ce, "Alhaji, nawa za ka bar mana wannan?" sai ya faɗi kuɗi, ta taya ƙasa sosai, ya yi murmushi ya ce, "Albarka, Hajiya. Ko a Kwari ban samo ta haka ba, amma ki ƙara wani abu, abin alheri ne ya kawo ku." Sun yi ta ja har ya ce ya sallama, kuma da suka tashi tafiya ya ɗora musu ɗankwali guda a kan kayan bai karɓi ko kwabo ba. Bayan sun fita ya gaya mini cewa gidan da ya haɗa lefe ɗaya a wurinka ya ji daɗi, zai dawo anko, zai dawo kayan suna, zai kuma turo maƙwabta. Malaman jami'a suna da dogayen bayanai a kan riƙe abokin ciniki, shi kuwa kawu bai taɓa karanta ko ɗaya ba, amma kullum a kansu yake aiki.

Wannan shi ne sharaɗin da na ambata. Idan wata jami'a a jiharmu ta buɗe irin wannan kwas, lallai ne 'yan kasuwa irin kawu su shigo a matsayin malamai masu daraja, a ba su lokacinsu a jadawali, a biya su ladan koyarwa, kada a mayar da su abin kallo da ake kai yara su gani sau ɗaya a zango. Idan aka kwaso littattafan da aka rubuta domin manyan kantunan Turai, inda farashi yake manne a jikin riga babu tayi babu ragi, inda ake sayar da ɗinkakkun kaya bisa lambar girma, aka karanta wa yaran Katsina, za su fito da ilimin kasuwar da ba su taɓa gani ba. Mu a nan galibi yadi ake saye a kai wa tela, turmin atamfa yadi shida ne, ciniki da baki ake yinsa, kuma bashi wani ɓangare ne na mu'amala da ba a iya raba shi da ita.

To idan kasuwa ta san duk wannan, me jami'a za ta ƙara? Abu na farko shi ne lissafi, kuma a nan ne na ga shaguna da yawa sun durƙushe alhali masu su ƙwararru ne wajen sanin kaya. Mu ɗauki misali mai sauƙi. Mutum ya je Kantin Kwari a Kano ya saro turmi 50 a kan naira 10,000 kowanne, ya kashe naira 500,000 ke nan. Ya dawo ya sayar da 40 a kan 12,000, kuɗi ya kama 480,000, a ransa kuma ya ƙidaya ribar 80,000, har ya fara cire na cefane daga ciki. Bai cire kuɗin motar zuwa Kano da dawowa ba, bai cire na dako ba, bai cire hayar shago da abincin yaro ba. Turmi 10 sun yi kwantai saboda yayinsu ya wuce, wasu daga cikin 40 ɗin kuma bashi aka ɗauka sai ƙarshen wata. Ko da an biya shi duka, idan ya koma sari ya tarar turmi ya koma 12,500, kuɗin da ke hannunsa turmi 38 kawai zai saya masa. Ya sayar da 40 ya mayar da 38, ga shi kuma yana ganin riba ya ci. Tun da darajar naira ta faɗi warwas bayan sauyin tsarin canjin kuɗi na watan Yunin 2023, wannan lissafi ya zama abin da ke raba shagon da zai rayu da wanda kantocinsa za su riƙa yin fili a hankali har a wayi gari babu komai. Yaron da aka zaunar da shi a ɗakin kwamfuta na jami'a aka koya masa ya raba uwar kuɗi da riba, ya sa farashi bisa abin da zai kashe wajen mayar da kaya, ya rubuta kowane bashi da ranar biyansa, ya kuma san kwana nawa kowane irin kaya yake yi kafin ya fita, wannan yaro zai amfani shagon mahaifinsa tun kafin ya gama sakandare.

Rubutu yana da wani amfanin da ba a tunawa da shi sai ranar musiba. Lokacin da gobara ta tashi a Babbar Kasuwa a watan Maris na 2021 ta cinye shaguna masu yawa, duk wanda lissafinsa a ka yake ko a littafin da ya ƙone tare da kaya ya shiga wahala biyu, domin ga asarar dukiya, ga kuma rashin abin da zai nuna na yawan kayansa da waɗanda yake bi bashi. Adana kwafin lissafi a waya ko a wani wuri daban ƙaramin abu ne da ɗalibi zai koya a zama ɗaya.

Abu na biyu shi ne sanin inda kaya suke fitowa da dalilin hawa da saukar farashinsu. Atamfar da muke kira Holan kamfanin Vlisco ne ke yin ta a garin Helmond na ƙasar Holan, kuma kamfanin ya samo asali tun 1846. Shaddar gezna da ake ji da ita ranar Sallah da ranar ɗaurin aure daga kamfanin Getzner take, a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya. Mafi yawan masu sauƙin kuɗi daga Sin ake shigo da su. A lokaci guda kuma jiharmu tana cikin manyan masu noman auduga a ƙasar nan, musamman yankin Funtua da Malumfashi da Bakori, kuma manyan masaƙun Kaduna da Kano da suka taɓa ɗaukar dubban ma'aikata yawancinsu sun rufe. Ya kamata ɗalibi ya zauna ya yi tunani a kan yadda aka yi garin da ya kasance babbar tashar fataken Sahara a ƙarni na 17 da na 18 ya koma mai jiran abin da jirgin ruwa zai sauke a Legas ko Kwatano. Ya kamata kuma ya fahimci abin da ke faruwa da farashi idan aka rufe iyaka, kamar yadda aka yi a Agustan 2019, lokacin da hada-hada ta tsaya a hanyar Jibiya zuwa Maraɗi da ta Kongolam a can wajen Daura. Ɗan kasuwa yana jin zafin waɗannan abubuwa a aljihunsa, malamin tattalin arziki kuma yana iya bayyana musabbabinsu, yaro kuwa yana bukatar ya ji daga bakin su biyun.

Kalandar kasuwar tufafi ma darasi ce mai zaman kanta. Ƙaramar Sallah da Babba suna matsowa da kwana 10 ko 11 a kowace shekara, saboda haka Sallar da ta faɗo cikin zafin bazara tana neman boyel da yadi marar nauyi, wadda ta faɗo cikin hunturu kuma wani abu daban take nema. Mai sayar da yadi kasuwarsa tana buɗewa tun kafin azumi, domin teloli kan daina karɓar ɗinki tun watan bai yi nisa ba, alhali mai sayar da ɗinkakkun kayan yara da huluna da takalma da mayafai sai goman ƙarshe yake ganin cunkoso. Wanda ya yi sari a makare zai kwana da kayansa.

Ina son in tsaya a kan 'yan mata, domin su ne nake ganin za su fi kowa cin moriyar tsarin. Wani kaso mai yawa na cinikin tufafi a garin nan ba a kasuwa ake yinsa ba, a cikin gidaje ake yi. Tun da can akwai dillaliya mai yawo da ƙullin kaya gida-gida tana karɓar la'ada, yanzu kuma jikokinta suna ɗora hotunan atamfa da abaya da leshi a WhatsApp da Instagram da Facebook, a turo kuɗi ta banki, su ba direba saƙo a tasha ya kai Daura ko Dutsin-Ma ko Funtua. Wannan sana'a ta dace da rayuwar matan aure da yawa, tana kuma rufa asirin gidaje. Amma akwai ramukan da ake faɗawa. Hoton da aka ɗauka a hasken da ya sauya launin zane yakan jawo rigima idan kaya suka isa, alat na bogi ya cinye jarin mutane, sannan cakuɗa kuɗin sana'a da na adashi da na hidimar gida yakan sa jari ya narke ba a sani ba. Yarinyar da ta koyi ɗaukar hoton kaya a hasken rana ba tare da ƙawata shi fiye da gaskiyarsa ba, ta koyi tabbatar da shigar kuɗi a asusunta kafin ta saki kaya, ta kuma ware asusun sana'a daban, ta samu abin da zai bi ta har ɗakin mijinta. Domin iyaye su yarda, dole a tanadi malamai mata, a kai su shagunan da mata ke gudanarwa, a kuma tabbatar da cewa motar makaranta ce za ta ɗauke su ta dawo da su kafin la'asar.

Ba zan so a bar hukuncin ciniki a waje ba, tun da jami'o'inmu suna da sassan nazarin addinin Musulunci. Haramcin ɓoye aibin kaya, da tauye awo, da rantsuwar ƙarya domin a sayar, abubuwa ne da yaranmu suka ji a Islamiyya, amma ba kasafai ake haɗa musu su da tef da turmi ba. Haka ma zakka. A mazhabar Malikiyya, ɗan kasuwar da ke jujjuya kayansa kullum yana ƙiyasta darajar abin da ke shagonsa sau ɗaya a shekara, ya haɗa da tsabar kuɗi da bashin da yake sa ran za a biya shi, idan sun kai nisabi ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Wanda ba ya ƙidayar kaya ba zai iya sauke wannan farilla daidai ba, don haka darasin lissafin da na ambata a sama yana da alaƙa da ibada kai tsaye.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, domin na sha ji a taron iyaye da malamai. Za su ce sun kai ɗansu boko ne domin ya zama likita ko injiniya, ba domin a mayar da shi yaron shago ba. Damuwarsu tana da tushe, musamman ga wanda ya sha wahala kafin ya raba 'yarsa da talla ya sa ta a aji. Amsata ita ce rana ɗaya ce a mako, a ƙarƙashin kulawar malamai, kuma rabinta a harabar jami'a za a yi ta. Yaron da iyayensa ba su taɓa shiga jami'a ba, idan ya saba da zama a ɗakin lacca da shiga ɗakin karatu tun yana aji biyu na babbar sakandare, wurin ya daina ba shi tsoro, kuma zai fi ƙwazon neman gurbi a can. Aji biyu nake ba da shawara, saboda 'yan aji uku suna fama da shirin WAEC da NECO da JAMB, bai dace a ƙara musu kaya ba.

Wuraren da za a yi abin muna da su. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Jami'ar Al-Qalam da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman duk suna nan Katsina, akwai Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma, Daura kuma tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya. An daɗe da wajabta darasin dogaro da kai a jami'o'in ƙasar nan, saboda haka malamai da ɗakunan da za a fara da su ba sai an ƙirƙiro su daga farko ba. Abin da zai ci kuɗi shi ne sufuri da abincin rana da ladan 'yan kasuwar da za su bar shagunansu su zo koyarwa, kuma idan aka ɗora wannan a kan iyaye, 'ya'yan masu hali ne kawai za su samu, alhali 'ya'yan talakawa ne suka fi bukata. Ya kamata ma'aikatar ilimi ta jiha ta ɗauki nauyin mota, ƙungiyar 'yan kasuwa ta zaɓo amintattun mutanenta ta kuma buɗe shagunansu, jami'a ta ba da ɗaki da malami da takardar shaida. Dole kuma a tsara shi yadda ba zai tsaya ba idan jami'a ta shiga yajin aiki irin na 2022 da ya ɗauki wata takwas, wato a irin wannan lokaci ɓangaren kasuwa ya ci gaba da tafiya.

A fara da makarantu kaɗan, na maza da na mata, daga cikin birni da kuma wajensa, a gwada na shekara guda. Jarrabawar ƙarshe kuma kada ta zama ta takarda kawai. A ba kowane rukuni na ɗalibai ɗan ƙaramin jari kafin azumi, su yi sari da kansu tare da mai kula da su, su sayar, bayan Sallah su zo da littafin lissafinsu da ragowar kayan da suka yi kwantai, su zauna a gaban malamin jami'a da dattijon kasuwa su bayyana abin da suka saro, da dalilin zaɓensa, da abin da ya rage a hannunsu bayan an cire kowane kashe-kashe. Malamin ya duba lissafi, dattijon ya murza kayan ya faɗi ko an saro su da ido, sannan su biyun su sa hannu a takardar shaidar.